Malam Ya Shiga Gayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini kiɗa ba. Na yi shekaru ina koyar da waƙoƙin noma a aji, ina rubuta su a allo, ina yanka su ɗango-ɗango, ina sa yara su nuno mini inda makaɗi ya yi zuga da inda ya yi zambo. Har maki nake ragewa idan yaro ya kasa bayyana tasirin kiɗa a zuciyar manomi. Amma ni kaina ban san wannan tasirin ba sai ranar da aka juyo da ganga wajena a gaban jama'ar gari guda.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, a wani gari da ke tsakanin Bebeji da Tiga. Ni ɗan cikin birni ne, haihuwar lungun da sai ka yi tafiya kafin ka ga bishiya. Duk noman da na taɓa yi a duniya shi ne na wake a gwangwanin madara muna firamare (shi ma na abokin zamana ne ya tsiro, nawa ruɓewa ya yi). Mutanen garin sun san da haka sarai, tunda muna gaisawa suna jin tafin hannuna. Amma mutane ne masu kara, ba wanda ya taɓa faɗa mini.

A bayan garin akwai fadama. Dattawa sun ce a da rani bai taɓa ba su tsoro ba, ga albasa, ga tumatir, ga rake, ga tarwaɗa a kwarin ruwa. Ni dai abin da na tarar daban ne. Kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta cinye hanyar ruwan, leda baƙa da fara ta maƙale a jikinta kamar an yi mata ado. Gaɓar da ke ɓangaren gari kuma kowace damina sai ta zube, yashi ya malalo ya binne filin da ke ƙasa. Fulanin da ke shayar da shanu a wurin su ma suna kokawa, domin saniya ba ta bambance leda da ganye, sai an yanka ta a ga abin da ya hana ta ƙiba.

Waɗanda abin ya fi damu su ne 'yan aji biyar na makarantarmu. Shugabarsu Sa'adatu, wata 'yar siririya mai magana ƙasa-ƙasa, irin yarinyar da sai ta gama magana ta tafi kake gane umarni ta ba ka. Ita ta haɗa 'yan ajinsu suka kafa ƙungiya. To, dokar makaranta ce kowace ƙungiya sai da uba daga cikin malamai. Malamin aikin gona an yi masa canjin wuri, malamin kimiyya kuma daga Tudun Wada yake zuwa, ana tashi yake hawa babur. Saura ni, mai zama a gari, mai yawan magana. Haka na zama uban ƙungiyar gyaran fadama, kuma na karɓi muƙamin da fahimtar cewa aikina jawabi ne.

Su kaɗai suka je wajen dagaci, ban raka su ba. Suka roƙi a ba su filin nan da yashi ke binnewa su yi noman rani, abin da aka samu a raba wa gidajen da rumbunsu ke ƙarewa tun kafin kaka. Dagaci dattijo ne mai son raha amma ba ya kyauta da ka. Ya ce musu masu tifa sun daɗe suna neman wurin don ɗibar yashi, kuma har ya kusa amsa musu.

"Amma zan jira ku damina ɗaya," in ji shi. "In kun sa gaɓar nan ta tsaya, filin naku ne. In ta zube, kada wanda ya zo mini da kuka."

Abin da yaran suka dogara da shi jema ce, wata ciyawa mai saiwa doguwa da ke kama ƙasa ta hana ta tafiya. A kan kekuna suka riƙa zuwa bakin ruwan Bagauda suna saro ta. Suka raba ta, suka raine ta a cikin ledojin fiya-wata da suka tsinto daga fadamar, sannan suka dasa ta a kan gaɓar cikin tsakiyar zafin bazara. Duk wannan sun faɗa mini a taron ƙungiya, har da wasu bayanai kan yadda suke ba ta ruwa. Ina jin su, ina gyaɗa kai, ina makin jarrabawa. Zuwa fadamar kuwa ban taɓa yi ba. Ina da wani takalmi sau-ciki da nake ji da shi, kuma na lura taɓo ba ya girmama fata.

Kada a ce ban yi komai ba. Na karanta jema. Na san sunanta na Latin, na san ƙasashen da suke amfani da ita, na san ana faifai da ita. Abu ɗaya kawai ya rage mini game da jema, wato ban taɓa ganinta a tsaye a ƙasa ba.

Da damina ta matso, sai ya zama dole a buɗe hanyar ruwan da kacala ta toshe, aikin da ya fi ƙarfin yara. Dagaci ya sa aka yi shelar gayya. Ranar Asabar tun da hantsi gari ya fito, maza da adda da lauje da fartanya, mata sun aiko da fura da dambu a manyan ƙore. Arɗon Fulani ya zo da samarinsa. Aka kuma ɗauko Tanko mai ganga, wani gajeren mutum mai jan ido wanda aka ce ko rago ya ji hannunsa sai ya nemi fartanya.

Aka ce Malam ya yi jawabi. Na miƙe cikin babbar riga ruwan toka, na yi jawabin da har yau nake ganin yana cikin mafi kyau da na taɓa yi. Na tsine wa leda da roba da ciyawar da ta toshe ruwa, na yi maganar yunwa, sannan na zo kan jema, har da sunanta na Latin. Na ce ciyawa ce mai kunya a sama, mai taurin kai a ƙasa. Na ce saiwarta ta fi tsayin mutum. Na ɗaga yatsa na ce, "Duk wanda ya taɓa jemar yaran nan, tuwon garin nan ya taɓa." Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Na koma kujerata kusa da dagaci da Arɗo a gindin wata ɗorawa, ina jin na sauke nauyin da ke kaina.

Maza suka faɗa cikin kwarin, taɓo har cinya, suna sara suna jifa da kacala gefe. Ɗalibai na bin baya da buhuna suna tsince leda. Tanko na zagayawa, ya tsaya kan wannan ya kira kakansa, ya matsa kan wancan ya tuna masa abin da ubansa ya noma a rana ɗaya. Ni kuma ina zaune ina nazari, har ina raɗa wa dagaci cewa wannan salon shi muke kira kambamawa. Ya ce, "To, madalla."

Ban san wanda ya tura shi ba. Sai dai na ga Tanko ya baro kwarin ya nufo ɗorawa, ya tsaya daidai gabana, ya sassauta kiɗan kamar mai lallashi.

"Malam na allo," in ji shi. "Ɗan birni mai hannun auduga. An ce mini biro kaɗai kake ɗagawa. Na ce ƙarya ne, wannan kafaɗar ba ta biro ba ce."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, irin ta wanda ya san salon da ake yi masa. Ya ƙara matsowa.

"Mai gyara kuskuren yara da jan biro, ga ƙasa ta yi kuskure. Wa zai gyara mata? Tashi, angon fadama. Tashi, na gaban dagaci."

Ina so mai karatu ya yarda da ni, na san zuga ce. Na koyar da ita, na fitar da ita a jarrabawa. Amma sanin sunan abu bai hana shi kama ka. Wani abu ya taso mini daga tafin ƙafa ya bi ta gadon baya. Kafin in yi shawara da kaina, na ga babbar rigata a hannun Arɗo, takalmin da nake ji da shi a gefe guda, wani ya danƙa mini fartanya. Mata daga nesa suka rangaɗa guɗa.

Sai dai ko a cikin wannan hali, ɗan birnin da ke jikina bai mutu ba. Na leƙa kwarin na ga taɓo, na ga abin da ke motsi a cikinsa, na ce a raina ai aiki ba a nan kaɗai yake ba. Na waiga ina neman inda ƙasa ta bushe. Can a kan gaɓa na hango wata ciyawa tsitsit-tsitsit, ta yi layi ta miƙe har inda ido ya tsaya, ba wanda ya kula ta. Abin da ya ƙara tunzura ni, kusa da kowane tushe akwai robar lemo an kife ta a ƙasa. Na ce lallai mutanen garin nan sai addu'a, ko zubar da shara a layi suke yi. Ga ciyawa ga roba wuri ɗaya, abokan gaba biyu da na gama tsinewa a jawabi. (Robobin nan, kamar yadda aka taɓa faɗa mini ina makin jarrabawa, an huda su ne an cika da ruwa, suna ɗiga a hankali a gindin shukar.)

Na tofa yawu a hannu kamar yadda na ga ana yi, na kai sara na farko. Tushen ya fito da ƙyar, da wata saiwa mai yawa kamar gemu. Na shure robar gefe. Tanko ya biyo ni, ganga ta canza murya.

"Haka ne, Malam. Kada ka bar mata jika. Ashe zaki aka ajiye a aji."

Wani ƙamshi ya riƙa tasowa daga ƙasar, mai sanyi, irin na randar kakata. Na ce Allah sarki, ashe wannan shi ne ƙamshin guminka da ake faɗa, shi manoma ke ji mu muna birni muna shaƙar hayaƙi. Har na fara tsara yadda zan bayyana wa 'yan aji shi ranar Litinin.

A nan ne tarbiyya ta shiga tsakani ta ƙarasa ɓarnar. Da a wata ƙasa ce, da wani yaro ya kwatsa mini tsawa tun a tushe na biyu, magana ta ƙare. Amma a garin nan ɗalibi ba ya ce wa malaminsa "bari" a gaban dagaci. Na ga Sa'adatu ta yar da buhunta ta taho da sauri, amma da ta iso sai ta durƙusa, domin ba a fara magana da babba a tsaye, kuma ba a fara ta ba gaisuwa.

"Malam, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu Sa'adatu." Na sare wani tushen.

"Malam, ya rana?"

"Rana ta yi kyau." Na sare wani.

"Malam, ko za a ɗan huta a sha ruwa?"

"Wanda ya fara yanzu ina shi ina hutu? Ki kai wa na cikin kwari."

Ta tashi ta sha gabana ta sake durƙusawa.

"Malam, dama wannan ciyawar..."

"Na gan ta," na ce. "Kada ki damu, ba za ta kai azahar ba."

Ta koma ta turo wani ɗan ajinsu, dogo, ya zo ya tsaya a kan layin ya sunkuyar da kai, yana fatan jikinsa ya yi maganar da bakinsa ya kasa. Na ce masa ya matsa kada in sare masa ƙafa, kuma abin kunya ne saurayi kamarsa yana tsaye malaminsa na aiki. Ya matsa. Umarnin malami ne.

To ina manoma, waɗanda suka san jema tun suna goye? Mafi yawansu suna cikin kwari sun ba ni baya. Dattawan gindin ɗorawa kuwa suna kallo sarai, kuma sun gane abin da nake sara. Sai dai yanzun nan suka ji ni ina bayanin jema da sunanta na Latin. Mutumin da ya san wannan ba zai sare ta da kuskure ba. Suka yanke cewa wata dabara ce ta zamani. Abin bai tsaya nan ba, wasu samari suka ga Malam shi kaɗai a rana, suka ji kunya, suka hauro da fartanyoyinsu suka kama mini daga ɗaya bakin. Na yi musu jinjina. Na ji ni jagora ne.

Ban san iyakar inda za mu kai ba da Sa'adatu ba ta yi abin da ba a taɓa gani ba a garin. Ta wuce ni, ta je gaban Tanko, ta ɗora tafin hannunta a kan fatar gangar.

Kiɗa ya mutu. Wanda bai taɓa jin ganga ta tsaya a tsakiyar gayya ba, ba zai gane irin shirun ba. Na cikin kwari suka ɗago ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na ɗago, fartanya a sama, gumi na zuba, ina murmushi, ina jiran in ji dalilin da ya sa aka katse mini.

Ta dawo ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta yi magana a hankali yadda ta saba. Amma a wannan shirun har na bakin ɗorawa sun ji.

"Malam, ka yi haƙuri. Jemar ce."

Na dubi abin da ke gaban ƙafata. Na waiga baya. Tun daga inda na faro har inda nake, tushe-tushe ne a kwance, saiwa a sama, robobi a warwatse suna tsiyayar da sauran ruwansu. Aikin bazara guda na yara, da kekunansu da ƙishirwarsu. Kuma a gaskiya, in ba son kai ba, an nome wurin da kyau.

Akwai kalmomi da yawa a Hausa na bayyana kunya, na kuma san su duka, amma a lokacin ko ɗaya ba ta zo ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wacce?" Kamar akwai wata jemar a wani wuri da za ta zo ta cece ni.

Dattawa suka taso. Dagaci ya tsaya ya dubi layin, ya dube ni, ya shafa gemu.

"Wallahi Malam mun zaci wani sabon ilimi ne. Har ina cewa in an tashi zan tambaye ka amfaninsa."

Arɗo, wanda har yanzu rigata na rataye a hannunsa, ya ce, "Modibbo, tun ranar da yaran nan suka yi dashe na hana shanu bin nan. Zagaye muke yi mai nisa." Ya dubi tushen da ke kwance. "Ashe ba ta wajenmu abin zai fito ba."

Wani daga cikin kwari ya ce a tambayi Tanko, shi da ke tsaye a kai. Tanko ya gyara ratayar gangarsa ya ce, "Ni ba ciyawa nake kallo ba, kafaɗa nake kallo. Kuma kafaɗa ta yi aiki."

Nan dariya ta ɓarke, irin wadda mutum ke riƙe ciki yana neman inda zai zauna. Samarin da suka taya ni suka saki fartanyoyi suka sulale cikin kacala, aka bar ni ni kaɗai da shaida a hannu. Ɗalibai ne kawai ba su yi dariya ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin na san abin da suke gani: tifa tana ɗibar yashi a filinsu.

Sa'adatu ta matsa gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, maganar damina ɗaya tana nan?"

"Tana nan, jikata. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tushe ɗaya ta juya shi, ta ɓare shi gida-gida da yatsu, ta ce duk wanda saiwarsa ba ta datse ba zai iya kamawa in an mayar da shi yanzu kafin rana ta bushe shi. Dagaci ya juya ya ce wa jama'a kacala ba gudu za ta yi ba, a hauro. Sai ga gari guda a tsugune a kan gaɓa, masu gemu da marasa gemu, Fulani da Haɓe, ana rarraba jema ana dasawa, yarinya 'yar aji biyar na bi tana nuna tazara. Tanko ya koma kiɗa, amma yanzu da sabon amshi, wai a mayar da abin da Malam ya gyara. Ni ma na tsuguna zan taya. Sa'adatu ta zo ta durƙusa.

"Malam, da za ka taimaka mana da cika robobin nan da ruwa, da mun ji daɗi."

Wato an ba ni aikin da ko na so ba zan iya kashe komai ba. Na shiga taɓon da na guje wa tun safe, ina cika roba ina miƙawa, har la'asar.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da maiɗakina ta ɗauke tukunyar na'a-na'ar da ke tsakar gida ta shigar da ita ɗaki. Ta kawo mini ruwan zafi da man zafi, tana danne dariya.

Daga ranar har saukar ruwa, kullum bayan an tashi makaranta ina fadama ina cika robobi. Na san kowane tushe. Mafi yawansu suka kama, suka yi sabon ganye, har layin ya fi na da kauri saboda rabawar da aka yi. Amma farkon layin, inda na faro da sabon ƙarfi na daddatsa saiwar kamar mai yanka kuɓewa, nan kam ba abin da ya tsiro. Wuri ne da bai fi faɗin ɗaki ba. Lokacin sake rainon wata ya wuce. Muka zuba masa ido kawai.

Damina ta zo da ƙarfinta. Bayan wani ruwa da aka kwana aka wuni ana yi, gari ya fita duba gaɓa, ni ina can baya ina addu'ar da ban taɓa yi wa ciyawa ba. Gaɓar na tsaye. Ruwa ya bi ta kan jemar ya kwantar da ita, ta sake miƙewa, ƙasa ba ta motsa ba. Sai wuri ɗaya. Daidai inda na daddatsa, ruwa ya yanka ya wuce, ya zubar da yashi a kusurwar filin.

Dagaci ya bi layin da sandarsa tun daga ƙarshe har ya zo kan yankan ya tsaya. Ba wanda ya yi tari. Sharaɗi dai gaɓa ta tsaya, ga shi kuma ta zube a wani wuri. Na matsa zan yi magana, in ce laifina ne ba na yara ba, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, jawabi ya isa haka." Ya juya ga Sa'adatu. "Jikata, da duk gaɓar ta tsaya, da na ce bana ruwan ne bai yi ƙarfi ba. Amma ga inda ciyawarku take, ga inda babu. Ko makaho ya shafa ya san bambanci. Ku je ku yi nomanku. Masu tifa su nemi wani wurin."

Yara suka yi ta tsalle, har da waɗanda a aji ko murmushi ba sa yi. Malamin kimiyya da ya ji labari ya ce abin da na yi shi ne ginshiƙin kowane gwaji, a bar gefe ɗaya ba magani don a ga aikin maganin. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Har na fara cewa a ofishin malamai dama akwai hikima a cikin abin, sai na hangi Sa'adatu a bakin ƙofa ta kawo littattafan aji. Ta gaishe ni cikin ladabi. Na canza zance.

Da rani suka yi albasa da tumatir da alayyafo, suka zagaye filin da zogale. Na ga kwandunan da aka riƙa shiga da su gidajen da aka yi niyya, har gidana aka kawo kaso, wai na mai ban ruwa. Yankan nan an cike shi an dasa masa sabuwar jema, amma suna ya riga ya zauna. Har yau in ka je garin ka tambayi mashigar fadama, za a ce maka ka bi ta Giɓin Malam. Duk gayyar da aka yi bayan wannan kuwa, kujera ake fara kawo mini, a ajiye ta a inuwa, nesa da duk wani abu kore.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yabo ƙarfi yake ƙara wa mutum, ba ya ƙara masa ido. Sannan a wurin da yaro ba ya iya ce wa babba "bari", idan ka ga ɗalibarka ta durƙusa tana yi maka tayin ruwa alhali ba ka ce kana jin ƙishirwa ba, ka ajiye abin da ke hannunka, ka dubi abin da kake takawa.